Bututun gas na AKK: Nazarin muhalli da haƙƙin jama'ar Kano

Ranar 30 ga watan Yunin 2020 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta a jihar Kogi zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fi sani da AKK.

Tsawon bututun kilomita 614 ne, faɗin bakinsa kuma inci 40. Ya ratsa jihohin Kogi da Neja da Kaduna da yankin babban birnin tarayya Abuja, kafin ya iso jihar Kano ta kudu, inda aka kafa sansanin aikin a yankin Tamburawa na ƙaramar hukumar Dawakin Kudu.

Tun lokacin, yawancin maganar da ake yi a kan aikin ta kuɗi ce da wa'adi: nawa zai ci, yaushe za a gama. Ba kasafai ake jin batun abin da dokar ƙasa ta tanada game da nazarin illar irin wannan aiki ga muhalli ba, balle damar da ta bai wa mai gona ko mai gida ya faɗi albarkacin bakinsa kafin a sa hannu.

Batun ya shafi mazauna cikin birni kamar yadda ya shafi manoman karkara, domin babban bututu ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an fitar da rassa daga jikinsa kafin gas ya kai ga masana'antu, kuma rassan nan ta kusa da gidajen mutane suke bi.

Aikin a taƙaice

Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da aikin a watan Disambar 2017 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2.8, daga baya aka rage zuwa kusan biliyan 2.6. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, shi ne mai aikin. An raba kwangilar gida biyu: kamfanin Oilserv ya ɗauki ɓangaren kudu, Brentex da abokin aikinsa na ƙasar China suka ɗauki ɓangaren da ya ƙare a Kano.

An tsara bututun ya riƙa ɗaukar gas kimanin ƙafa kubik biliyan 2 a kowace rana, domin ciyar da tashoshin wutar lantarki da aka yi niyyar ginawa a Abuja da Kaduna da Kano, da kuma masana'antu.

Da farko an ce shekara biyu za a yi a gama. To sai dai rancen da aka sa rai daga bankunan China, wanda ya kamata ya biya kashi 85 cikin 100 na kuɗin, bai samu ba, NNPC ya koma yin aikin da kuɗinsa. Haƙa hanyar bututun ta ƙarƙashin Kogin Neja ma ta ci lokaci, sai a tsakiyar 2025 kamfanin ya ba da sanarwar ya tsallake kogin. Har shekarar ta ƙare gas bai fara isa Kano ta bututun ba.

Ana kuma ɗaukar AKK a matsayin wani yanki na babban shirin bututun da zai ratsa Sahara, daga Najeriya ta Jamhuriyar Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Ƙasashen uku sun rattaba hannu kan yarjejeniya a Abuja a 2009, suka sake sabunta alƙawarin a birnin Aljiyas a 2022.

Yana da kyau a bambanta wannan gas da na girki da ake ɗurawa a tukunya. Na girki ya fi iska nauyi, in ya zuba sai ya kwanta a ƙasa. Wanda ke bin bututun AKK kuwa yawancinsa sinadarin metan ne, ya fi iska sauƙi, ba shi da launi, ba shi da wari sai in an zuba masa wani sinadari mai ɗoyi da gangan domin a gane in yana yoyo. Wato isowar bututun ba ta nufin za a ga gas ya shiga madafar kowane gida.

Asalin dokar

Dokar nazarin muhalli a Najeriya daga wata musiba ta samo asali. A 1988 aka gano an jibge dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko, wanda ke jihar Bendel a lokacin, jihar Delta a yanzu. Abin ya tayar da hankalin gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida, har ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen wannan shekara.

Bayan shekara huɗu aka fitar da dokar soja mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli, abin da ake kira EIA a taƙaice. A shekarar ce kuma taron duniya kan muhalli da aka yi a Rio de Janeiro na Brazil ya amince cewa jama'ar da abu ya shafa suna da haƙƙin samun bayani da sa baki a yanke shawara. Amurka ce ta fara irin wannan doka, wadda ta soma aiki a farkon 1970.

A 1999 aka narkar da FEPA cikin sabuwar ma'aikatar muhalli ta tarayya, kuma ita ce ke riƙe da ikon amincewa da rahoton nazarin.

Jigon dokar shi ne: ba a fara aikin da zai iya yin babbar illa ga muhalli sai an yi nazarinsa tukuna, ko na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Kuma kafin hukuma ta yanke hukunci, dole ta bai wa sauran hukumomi da masana da ƙungiyoyi da jama'ar gari damar yin tsokaci a kan rahoton.

Yadda ake nazarin

Mai aikin ne ke fara kai bayanin abin da yake son yi ga ma'aikatar. Jami'ai su je su ga wurin, su sa aikin a ɗaya daga cikin rukunoni uku gwargwadon girman haɗarinsa. Manyan ayyukan mai da gas suna rukuni na farko, wanda ke buƙatar cikakken nazari.

Daga nan sai a zayyana abubuwan da nazarin zai duba. Wannan mataki ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin abin da ba a sa a jerin ba tun farko da wuya ya shigo daga baya. In ba wanda ya ambaci burtali, ko wata rijiya da gari ke sha, ko tsohuwar maƙabarta da babu ita a taswira, to rahoto mai shafi ɗari biyar zai iya fitowa bai san da su ba.

Sai kuma ɗaukar samfurin ƙasa da ruwa da iska, da ƙidayar itatuwa da dabbobi da gidaje. A ƙa'ida ana yin wannan a yanayi biyu, damina da rani. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne: wurin da mai awo ya gani busasshen fili a watan Maris zai iya zama fadamar shinkafa a watan Agusta.

Idan daftarin rahoton ya kammala, ana baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21. Ana ajiye kwafi a ma'aikatar da ke Abuja, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sakatariyar ƙananan hukumomin da aikin ya shafa, a kuma sanar a jaridu da rediyo. Bayan nan kwamitin masana ya zauna a bainar jama'a ya duba rahoton tare da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar, mai aikin ya gyara, sannan ministan muhalli ya amince ko ya ƙi.

A takarda tsarin bai da laifi. Wajen aiwatarwa ne ake samun giɓi.

Mai aikin ne ke ɗaukar kamfanin da zai yi nazarin, shi ne kuma ke biyansa. Haka ake yi a ƙasashe da dama, to amma inda hukumar da ke dubawa ba ta da isassun ma'aikata da kayan awo nata na kanta, abin da aka kawo mata shi za ta karanta. Masu fafutukar kare muhalli a Najeriya sun daɗe suna kukan cewa ana fara wasu manyan ayyuka, musamman na gwamnati, kafin a kammala nazarin. Irin zargin da aka yi ke nan a 2024 game da babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba.

Hukuncin da dokar 1992 ta tanada ma ya tsufa. Mutum ɗaya da ya karya ta zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara 5. Kamfani kuwa tararsa ba ta wuce naira miliyan 1 ba. A aikin da ake lissafinsa da biliyoyin daloli, wannan ko kuɗin man motocin aiki na yini guda bai kai ba.

Sannan akwai rarrabuwar iko. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, dokar da ta kafa ta ta cire harkar mai da gas daga yawancin hurumin da aka ba ta. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta rushe tsohon sashen DPR, ta miƙa kula da bututu da rarraba gas ga sabuwar hukuma, NMDPRA. Mai ƙorafi na iya tarar da kansa tsakanin ofisoshi uku, kowanne na nuna masa ƙofar ɗan'uwansa.

Matsalar harshe

Rahoton nazari da Turanci ake rubuta shi, Turancin ma na masana kimiyya. Kwana 21 ba su isa ga mai digiri da ke da aikin yi ya karance shi ba, ina ga manomin da karatunsa na allo da ajami ne. Sanarwa a jaridar Turanci da ake bugawa a Legas ko Abuja ta cika sharaɗin doka, amma ba lallai ne ta kai kunnen wanda gonarsa ke kan layi ba.

An taɓa gwada wannan a aikin gas a Najeriya, kuma sakamakon yana rubuce.

Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kusan kilomita 680, ya tashi daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, kuma Bankin Duniya na cikin waɗanda suka tsaya masa. A 2006 wasu al'ummomi 12 na yankin Badagry suka kai ƙara ga kwamitin bincike mai zaman kansa na bankin, suna cewa ba a yi musu cikakken bayani ba, kuma diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba.

Rahoton da kwamitin ya fitar a 2008 ya gaskata manyan ƙorafe-ƙorafensu. Ya gano cewa kuɗin da aka biya na filaye ya gaza ƙwarai a kan abin da tsarin aikin kansa ya tanada, kuma ba a samar wa mutane bayanan aikin da harshen Yarbanci a kan kari ba. Sai da aka koma aka yi ƙarin biya.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Badagry sun samu inda za su kai kuka ne saboda akwai hannun Bankin Duniya a aikin, bankin kuma yana da ƙa'idojinsa da kwamitinsa. Aikin da kamfanin ƙasa ke yi da kuɗinsa ba shi da wannan ƙofa. Abin da ya rage wa jama'a shi ne dokokin cikin gida da kotunan Najeriya.

Abin mamaki, tsohuwar dokar bututun mai ta 1956, wadda aka yi tun zamanin Turawa kuma ta haɗa da bututun gas, ta fi sassauci ta wannan fuska. Ta yarda wanda aikin zai taɓa filinsa ya shigar da ƙin amincewarsa a rubuce ko da baki. Ta kuma taƙaita shiga maƙabartu da wuraren da jama'a ke girmamawa ba tare da izini ba.

Ƙasa da diyya

A karkarar Kano, tambayar farko da mai gona zai yi ba ta iskar da ke ɗumama duniya ba ce. Ta gonarsa ce.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, kuma ta ambaci shimfiɗa bututu a cikin dalilan. A bisa tsarin da aka saba bi, abin da ake ƙiyastawa a biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, amfanin gona, itatuwa masu amfani, rijiya. Ita ƙasar kanta, a idon doka, ba ta mai gonar ba ce da zai sayar.

Wannan ya fi ciwo a kewayen Kano fiye da wurare da yawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yankin, ya nuna yadda ake noma kusan kowane taku na ƙasa duk shekara ba hutu, da taki da kiwo da itatuwa a cikin gona. Gonakin ƙanana ne, gado ya rarraba su. Zirin da bututu zai ɗauka, wanda a taswira ba ya wuce layin fensir, zai iya cinye rabin abin da wani magidanci ya mallaka.

A kan zirin ba a gini, ba a haƙa rijiya, ba a barin itace mai dogon saiwa. Ɗorawa ko tsamiya ko kuka da aka sare sau ɗaya ake biyan kuɗinta, alhali kuwa shekara da shekaru iyali ke cin moriyarta.

Akwai kuma waɗanda sunansu ba ya shiga takardar biya ko kaɗan. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina, da mata masu rabon gado a gonar da 'yan'uwansu maza ke riƙe da ita, da makiyayan da ke bi ta wurin sau biyu a shekara, duk aikin ya shafe su. Idan tuntuɓa ta tsaya a zauren hakimi da dagaci da mai unguwa kawai, kamar yadda aka fi yi, to waɗannan ba a ji su ba. Sarakunan gargajiya su ne suka san iyakar gonaki da tarihinsu, ba a iya aikin ba tare da su ba. Amma taron da aka yi da su kaɗai ba shi ne jin ra'ayin jama'a da doka ke nufi ba.

Ban da ƙasa, nazari na gaskiya zai duba yadda za a ware ƙasar sama mai taki a mayar da ita bayan an binne bututu, da yadda za a hana zaizaya a inda aka yanke gangare, da inda za a zubar da ruwa mai yawa da ake cika bututu da shi domin gwada ƙarfinsa. A Tamburawa wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin a nan ne ɗaya daga cikin manyan matatun ruwan sha na birnin Kano take.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Ƙaramar hukumar Tarauni ba ta kan layin babban bututun, amma tana bakin ƙofar da birni ke kallon kudu. Titin Zariya, wanda ya fito daga wajen Tamburawa, ta Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi yake shiga gari. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura 220,000 a fili da bai kai murabba'in kilomita 30 ba, kuma an ƙaru sosai tun lokacin.

Rukunin masana'antun Kano ba a wuri ɗaya suke ba. Challawa da Sharaɗa suna kudu maso yamma, Bompai da Tokarawa suna arewa maso gabas. Duk layin da zai ɗauki gas daga kudancin birni zuwa Bompai, ko dai ya keta unguwanni, ko ya zagaya ta titin gabas da ya bi ta Hotoro. Kowanne aka zaɓa, Tarauni na kusa.

A cikin wannan ƙaramar hukuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da maƙabartar Tarauni, da kasuwanni da makarantu da tashoshin mota. Ƙarƙashin titunan kuma akwai bututun ruwa da wayoyin sadarwa da magudanai, kuma kullum ana haƙa.

Mutanen yankin ba baƙin harkar bututu ba ne. Ma'ajiyar man fetur ta NNPC da ke Hotoro, wadda har wata mazaɓa ta ɗauki sunanta, an haɗa ta da matatar Kaduna ta bututu. Lokacin da aka buɗe matatar a 1980, Hotoro bayan gari ne. Yau gidaje sun kewaye wurin. Wannan shi ne darasin da masu tsara birane ke yawan nunawa: bututu yana nan inda aka binne shi, gari ne ke tasowa ya same shi. Nazarin da ya ƙidaya gidajen da ke wurin a ranar awo kawai, bai yi lissafin shekara 20 masu zuwa ba, ya bar rabin aikinsa.

Layukan rarrabawa na cikin gari ba su kai babban bututu ƙarfin matsi ba, amma sun fi shi kusa da mutane. Kuma babban abin da ke fasa bututu a birane shi ne haƙa. A watan Mayun 2008 wata motar aikin titi ta fasa bututun mai a Ijegun da ke Legas, gobarar ta hallaka mutane da dama, ciki har da 'yan makaranta. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, bututun gas da injin gini ya raunata ya fashe a watan Yulin 2004, mutum 24 suka mutu. A watan Maris na 2020 fashewar da ta auku kusa da layin bututun NNPC a Abule Ado, a Legas, ta kashe fiye da mutum 20 ta kuma rushe makarantar 'yan mata ta Bethlehem.

Ko wutar daji ma tana iya yin ɓarna. A farkon Janairun 2018 gobara ta kama bututun gas na Escravos zuwa Legas a jihar Ondo, wutar lantarki ta ɗauke a faɗin ƙasar.

Saboda haka tambayoyin da suka dace mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa ya yi a zaman sauraron ra'ayi a bayyane suke. Ta wane titi layin zai bi, kuma zurfinsa nawa? Tazarar da aka bari tsakaninsa da gidaje fa? Ina makullan da za a rufe in an samu yoyo, kuma wa ke da alhakin rufewa da tsakar dare? Shin hukumar tsara birni ta jiha, KNUPDA, da hukumar ruwa da 'yan kwana-kwana za su samu taswirar layin? Wa za a kira kafin a haƙa kwalbati?

Amfanin da ake fata

Ba za a yi wa batun adalci ba in aka tsaya a kan haɗari kaɗai. Masaƙu da majemu da masana'antun robobi na Kano da yawa sun durƙushe tun daga shekarun 1990, kuma rashin wuta na cikin manyan dalilai. Waɗanda suka rage da janareto da man dizal suke aiki, hayaƙinsu kuma mazauna unguwanni ke shaƙa. Gas ya fi dizal tsabtar ƙonewa, ya kuma fi shi araha in ta bututu ya zo. Jigilarsa ta ƙarƙashin ƙasa tana rage yawan tankokin da ke bin titin Zariya.

Najeriya na da tarin gas da aka tabbatar fiye da ƙafa kubik tiriliyan 200, mafi yawa a Afirka, kuma shekaru da dama ana ƙone wani kaso nasa a banza a yankin Neja Delta. A 2021 gwamnati ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas, a shekarar ce kuma ta yi alƙawari a taron Glasgow cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Masu suka na tunatar da cewa metan da ya tsere daga bututu ya fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 80 a cikin shekara 20 na farko, don haka ribar gas ga yanayi ta dogara ne da yadda ake toshe yoyo.

A Amurka jayayya a kan nazarin muhalli takan kai ga kashe aiki ɗungurungum. Kwana biyar bayan ƙaddamar da AKK, kamfanonin da ke gina bututun gas na Atlantic Coast suka sanar da janyewa, bayan shekaru ana shari'a da masu filaye da ƙungiyoyi. Wani kuma, na Mountain Valley, sai da majalisar dokokin ƙasar ta sa baki a 2023 kafin a kammala shi. A Kano ba a ga alamar masu son a fasa aikin ba. Abin da ake jayayya a kai shi ne hanya da diyya da tsaro.

Ƙofofin da ke buɗe

Wanda ke son ganin rahoton nazarin wani aiki bayan an rufe kwanaki 21 yana iya dogara da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukumar gwamnati ta amsa buƙata cikin kwana 7, kuma ba sai mai nema ya faɗi dalilinsa ba.

Hanyar kotu ta daɗe a toshe. A shekarun 1990 lauya mai fafutuka Oronto Douglas ya kai kamfanin Shell da wasu ƙara, yana cewa ba a bi dokar 1992 ba a aikin sarrafa gas na Bonny. Babbar kotun tarayya ta kori ƙarar da hujjar cewa bai nuna abin ya shafe shi fiye da kowa ba, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci daga baya.

A 2018 kotun ƙoli ta sassauta ƙa'idar, a shari'ar da ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta shigar da NNPC kan malalar mai a jihar Abiya. Kotun ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin shigar da ƙara a kan gurɓata muhalli domin maslahar jama'a, ko da ba filinta aka ɓata ba.

Kowane sabon reshe na bututu, da kowace tashar lantarki ko masana'antar taki da za a jingina da AKK, aiki ne mai zaman kansa a idon doka, da nasa rajistar da nasa nazarin da nasa kwanaki 21. Idan layin ya shafi Tarauni, ƙa'ida ta ce a ajiye kwafin daftarin a sakatariyar ƙaramar hukumar da ke Unguwa Uku, a kuma sanar da ranar da za a rufe karɓar ƙorafi.